Gane mutuwar ƙashin muƙamuƙi bayan gashin sankara

Tun da aka fara gashin radiyoterapi, wato kashe sankara da haske mai ƙarfi, a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai a 2021, masu aikin haƙori a nan Tawa sun ƙara samun dalilin yi wa mai ciwon baki wata tambaya kafin su ɗauki abin cire haƙori: an taɓa yi maka gashi a kai ko a wuya? A ganina, rabin gane wannan ciwo yana cikin amsar.

Hasken da ke kashe sankarar harshe ko ta maƙogwaro yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙashi, shi ya sa a 1983 likitan tiyatar baki Robert Marx ya bayyana irin wannan ƙashi a matsayin wanda jini da iska da ƙwayoyin halitta suka yi wa ƙaranci. Muƙamuƙin ƙasa ne ya fi kamuwa, domin ya fi na sama tauri kuma hanyar jininsa ƙanƙanuwa ce, haɗarin kuwa yana ƙaruwa idan adadin hasken ya wuce girai 60 (girai shi ne ma'aunin hasken gashi). Yawu ma yakan ƙafe, haƙora su ruɓe, a cire ɗaya, sai gurbin ya ƙi rufewa.

Ma'aunin da likitoci suka fi aiki da shi shi ne a ga ƙashi a fili a wurin da aka gasa, ya kai wata uku bai warke ba, kuma babu sankara a wurin. Idan aka haska bakin, sai a ga ƙashin ya leƙo ta cikin dasashi kusa da turamen ƙasa, launinsa ya koma ruwan toka, gefensa yana kartar harshe. Akwai wari, wani lokaci da mugunya, maras lafiya yakan ce leɓensa na ƙasa ya mutu ko bakinsa ba ya buɗuwa sosai. Idan abin ya yi nisa, ƙofa takan ɓulle ta fatar haɓa, ko ƙashin ya karye ba tare da an buge shi ba.

Hoton asibiti mai nuna dukkan haƙora da muƙamuƙi yana da amfani, amma ba ya nuna ɓarna sai ƙashin ya riga ya zaizaye ƙwarai, don haka hoton da bai nuna komai ba bai isa a sallami mutum ba. Sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ta fi nuna iyakar abin. Wurin da ya fi wuya shi ne rarrabe shi da dawowar sankarar kanta, domin kamanninsu ɗaya ne a ido, har ma suna iya haɗuwa a muƙamuƙi guda. Inda aka yi shakka, sai a yanki ɗan nama a kai awo.

Haka nan a tambayi magungunan da ake ba maras lafiya, tun da allurar zoledronat da denosumab, magungunan ƙarfafa ƙashi, suna iya haddasa irin wannan mutuwar ƙashi ko babu gashi. Galibi ciwon yana bayyana cikin shekaru uku na farko bayan gashi, sai dai haɗarin yana nan har ƙarshen rayuwa, don haka wanda aka yi wa gashi ya riƙa zuwa wurin likitan haƙori da takardarsa mai nuna wurin da aka gasa da adadin hasken.