Godiya bayan jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya je masallaci da ƙafarsa, sanda a hannun hagu, ƙanena na biye da shi riƙe da kujerar roba. A zaune ya yi sallar, amma a cikin sahu. Duk wanda ya bi mu tun ranar da ya faɗi a shago ɓarin jikinsa ya shanye ya san nauyin wannan magana, ba sai na sake ba da labari ba, ba ni ma da ƙarfin hakan. Mun gaji tilis, duk gidan. Na so in bi kowa gida-gida in yi godiya, na ga ba zan iya ba, ku yi haƙuri ku karɓa a nan.

Zan fara da likitan gashin jiki, wato mai motsa gaɓoɓi, da yake zuwa gida. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, na amince, amma ban yi masa alkawarin ɓoye abin da ya yi ba.

Lokacin da aka sallamo mu, ɓarin dama ba ya motsi, baki ya karkace, magana da ƙyar. Hoton kai ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon ya sauka a dama ya haɗa da harshe, kuma hawan jini ne ummul'aba'isin. Kowa ya shigo dubiya tambayarsa ɗaya ce: yaushe likita ya ce zai tashi? Baba yana ji. Sai ya zama kullum da asuba yakan yunƙura shi kaɗai ya gwada miƙewa, ya koma ragwaf, shi ke nan ranar ta ɓaci. Daga baya ya juya fuska bango, ya ƙi motsa jikin, ya ƙi abinci. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan daren da muka kwana a ɗakin gaggawa. Mutumin da ya yi shekaru yana taka keken ɗinki har ya aurar da mu, ga shi yana hawaye yana cewa mu bar shi.

Yaron likitan nan, don a haife Baba ya haife shi, ya ajiye jakarsa ya zauna a ƙasa kan tabarma. Ya ce, "Baba, ni ban zo in sa ka tafiya ba, wannan na Allah ne. Na zo ne mu ɗaga ƙafar nan sau goma. In mun yi goma, aikin yau ya ƙare, ka ci jarrabawa." Ya daɗe yana jira, bai ƙara ko kalma ba. Can Baba ya juyo.

Kafin ya tafi ya sa aka sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya ja layuka: awon jini safe da yamma, magani, ɗaga ƙafa, tashi-zauna a bakin gado, aikin yatsu. Babu layin "ya yi tafiya". Ya ce mana watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar gashi, kuma ƙwaƙwalwa da maimaici take koyon sabuwar hanya, saboda haka ranar da aka tsallake ita ce asara, ba ranar da ba a ga canji ba. Ya hana mu jan Baba ta hannun da ya shanye, don kafaɗar na iya gocewa. Ya hana gasa masa ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji sosai sai ta ƙone mai ita bai sani ba. Muka rataye littafin a ƙusa, kowane dare a duba ko layukan sun cika. Akwai makonnin da ba mu ga komai ba sai alamar biro. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka 'ya'yan da za su zauna maka a ƙasa kamar yadda ka zauna wa namu.

Umma, na san za ki yi faɗa na ambace ki a bainar jama'a. Ke ce mai tashi duk bayan awa biyu ki juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, kuma bai yi ba ko ɗigo. Matata ta ɗauki girki biyu kullum, tukunyar Baba daban, ba gishiri ba dunƙule, ga kunu mai kauri a lokacin da ruwa ke sarƙe shi. Autarmu kuwa ita ce mai faranti. Takan zuba wake a faranti, Baba ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya da hannun dama yana sakawa a kofi. Da farko ƙwayar sai ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado, ta rarrafa ta ɗauko tana yi masa tsiya wai zai ƙarar mana da abincin dare. A wajen tsintar waken nan na fara jin dariyarsa.

Liman ya zo ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Ya ƙara da na Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Tun ranar Baba ya mayar da carbinsa hannun dama. Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Teloli abokan aikinsa sun raba ɗinkunan mutane da suka rage a shago, suka gama, suka kawo kuɗin cif. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya yi ta kai mu ganin likita, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Gwaggonmu ta Kurna ta baro gidanta ta tare a namu. Nas ɗin dare da ta koya mini yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da na karya bayana ba, ban ma san sunanki ba. Allah ya sani.

Akwai kuma 'yan'uwa na jini da muke gari ɗaya, kuɗin mota bai kai na katin waya ba, amma sai dai kira: "Ya tashi kuwa?" To, ya tashi. Ƙofa a buɗe take, ba mu riƙe kowa ba.

Ya Allah, duk wanda ya taka, ya kira, ya aiko, ko ya yi mana addu'a a ɓoye, ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Ka sa abin da Baba ya sha ya zama kankarar zunubi. Marasa lafiyan da muka baro a asibiti da waɗanda ke kwance a gidaje, ka tashi kafaɗunsu, ka ba masu jinyarsu haƙuri da abin hannu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ka yi musu rahama. Amin summa amin.

Gashi bai ƙare ba, hannun har yanzu da saura, magani kuma an ce ba a dainawa ko da awo ya yi kyau. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe yana kan aikinsa. Don Allah kada a kawo kilishi ko abinci mai gishiri, yana gani zai ce a ba shi. Ku ma da kuka haura arba'in, ku tsaya a kemis a auna jininku.