Dukanci ya wuce huda da ɗinki

Mutane in sunka leƙo shagona nan Sakkwato sunka gan ni duƙe da basilla sai su ɗauka aikin namu abu guda ne tun safe har marece, huda, ɗinki, huda, ɗinki. Wallahi ba haka ba ne. Fata biyu ba su taɓa zama ɗaya ba, kowace akuya da irin rayuwar da ta yi, wata ƙaya ta karce ta, wata mahauci ya yi mata ɓarna wurin fiɗa, to kai baduku sai ka shimfiɗa ta ka zauna ka yi tunani, ina zan fidda gaban jaka, ina zan ɓoye tabon nan ƙarƙashin ado. Daɗin sana'ar nan yake, wurin da ba wanda zai yanke maka shawara sai idonka.

Ni wurin Baba na koya, Allah shi jiƙan shi, kuma na daɗe kafin ya bari in riƙa wuƙa. Aikina jiƙa fata, murza ta, da yanka siraran igiyoyin ado har yatsu su yi kanta. In anka kawo kaya daga majema sai shi miƙo mini shi ce "taɓa ka gaya mini", tun ina kame-kame har hannuna ya gane wadda ta sha bagaruwa ta ƙoshi da wadda anka yi gaggawar tsamewa. Rini ma haka, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi kuma kuloko da ake haɗawa da ƙarfe, kuma kowane gida da hannunsa, jan gidanmu ko cikin kaya ɗari zan nuna shi.

Fatar jar akuyarmu ba ƙaramin abu ba ce fa. Ita ce ayari ke ƙetara Sahara da ita a zamanin da, ta bi ta Arewacin Afirka ta shiga Turai, har Turawa sunka ɗauka ta Maroko ce, suna bangon littafi da safar hannu da ita.

Shi ya sa raina ke ɓaci in mutum ya ɗauki jakar da na ɓata kwanaki a kai ya ce ai ya ga irinta kasuwa rabin kuɗi. Alhaji waccan roba ce! Bari ta sha zafin Sakkwato na watan Afrilu ka gani, saɓulewa za ta yi. Kuma masu yinta zanenmu suke kwafa, su buga dubu da inji. Ga masu kawo fata bayan layya, gishiri kaɗan, yankan wuƙa ko'ina, amma kuɗi sai na mai kyau.

An taɓa kawo mini kwangilar alabe masu yawa duk iri ɗaya, na yi, an biya, amma ban ji komai a raina ba. Gafakar da wani malami ya sa na yi wa Alƙur'aninsa kuwa, da ya ce in yi yadda na ga dama, kwana na yi ina juya zanen a kai, kuma har yau in munka gamu masallaci sai na saci kallon ɗinkin bakinta, bai motsa ba.

Mai son tim-tim, gafaka, kube ko kayan doki na hawan Sallah ya zo da wuri don Allah, ban karɓar aikin kwana biyu.