Godiya bayan abin da ya same mu a dutsen Ebenalp

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiya da yamma aka sallamo Baban Yara daga asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya cif. Yana gida, ƙarfe a ƙafar hagu, yana dogara sanduna biyu, har ya fara ƙorafin miya ba gishiri, wanda a wurina shi ne babbar alamar sauƙi. Ni kuwa sai daren jiya na yi barcin da za a kira barci. Saƙonninku sun fi ƙarfina, wanda ban amsa masa ba ya yi mini afuwa.

Ba sai na maimaita labarin ba, kun riga kun ji ya faɗi ya karye a ƙafa a dutsen Ebenalp, nan Suwizalan. Amma masu tambayar "me ya kai ku hawan dutse?", wallahi abinci muka je ci. Gidan abincin nan da ke manne a jikin dutse a yankin Appenzell, wanda duk baƙon Suwizalan ke son hoto a gabansa. Hawan ma ba da ƙafa muka yi ba, motar nan mai rataye a jikin waya ce ta ɗauke mu daga Wasserauen zuwa Ebenalp, muka gangaro ta cikin kogon Wildkirchli, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Muka ci dankalin turawa gogagge da aka soya fai-fai da cuku a kai, yara suna ta murna. Da mun koma ta inda muka fito, da shi ke nan. Sai muka hango tafkin Seealpsee can ƙasa, kore shar, muka ce bari mu sauka mu gani. Gidan abincin yana kan mita 1,454, tafkin yana ƙasa da shi da wajen mita 300. A baki ba komai ba ne, a ƙafa kuwa matakalar dutse ce da saiwoyi, ga shi an yi yayyafi da safe. Fentin da ke jikin duwatsun hanyar fari da ja ne, alamar hanya ce mai son takalmin hawan dutse, ba irin mai rawaya zalla ta yawon shan iska ba. Shekara huɗu muna ƙasar nan ban san bambancin ba, Baban Yara kuma kambas ne a ƙafarsa. Ƙaddara ce ta tarar da gangancinmu, ba laifin kowa.

Abin da har yau ya ƙi barin kunnena shi ne ƙarar, ɓas, kamar an karya rake. Yana kwance ƙasan hanya yana salati, ni ina sama riƙe da yara biyu, in na sake su ban san inda za su faɗa ba, in ban sake su ba ba zan kai gare shi ba. Jamusancin da na yi shekaru ina koyo ya gudu kaf, Innalillahi kawai ke fita a bakina.

A haka wani dattijo ya iso. Gajere ne, ɗan kunne a kunne ɗaya, lofe a baki a kife, irin yadda tsofaffin makiyayan yankin ke riƙe shi. Bai tambaye ni komai ba. Ya zaunar da yaran ya jingina su da dutse, ya sauka wurin Baban Yara kamar mai sauka daga gado, ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa masa. Shi ya kira 1414, lambar Rega, masu jirgin ceto mai saukar ungulu. Da jan jirgin ya zo, babu wurin sauka, sai da igiya aka zuro likita, da igiya kuma aka ɗaga mijina. Ina kallo yana lilo a sararin sama har ya shige, babbar 'yarmu tana tambayata ko Abba zai dawo.

Jirgi ba ya ɗaukar iyali. Na tsaya a tsakiyar dutse da yara, gwiwoyina suna rawa, ban iya gaba ba ban iya baya ba. Dattijon ya saɓa autana a wuya, ya miƙo mini sandarsa, ya shige gaba. Duk inda santsi yake sai ya tsaya ya nuna mini da ƙafa inda zan taka. Karin harshensu ko mutanen Jamus wahalar ji suke, balle ni, don haka ba mu yi hira ba. A bakin tafkin ya shigar da mu bukkarsa, ya ɗumama madara ya ba yaran. Warin shanu da hayaƙin itace suka buge ni, sai na ji kamar a rugar bayan garinmu nake, a nan ne kukan da na riƙe tun sama ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi abina, ya fita ya ba ni wuri. Da na nuna masa ina son yin sallah, bargo ya shimfiɗa mini. Daga baya ya taka mana har tashar jirgin ƙasa ta Wasserauen. Na ciro kuɗi, ya ɓata rai kamar na zage shi.

Ya Allah, Kai ka san bawan nan naka, ni ko sunansa ban riƙe ba. Ka tsare shi, Ka tsare dabbobinsa, Ka ba shi mai riƙe hannunsa ranar da ƙafarsa ta gaza, Ka haɗa shi da mafi girman alherinka.

Akwai waɗanda suka ce kar in ambace su, su yi haƙuri. Matar limaminmu ta kwashe yaran kwana huɗu, har kitso ta yi wa babbar. Maƙwabciyata 'yar Eritriya kullum sai na tarar da kula a bakin ƙofa. Abokin aikin Baban Yara ya bi takardun inshora da ni ko karanta su ba na iyawa. Ɗaliban nan biyu 'yan Damagaram suna karɓa-karɓar zama da shi a asibiti, alhali ko wata uku ba mu yi da sanin juna ba. Hajiyarmu a gida ta sa an sauke Alƙur'ani, ta yi sadakar waina. Allah Ya saka muku da gidan Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya raya muku zuri'a, kada Ya nuna muku rana irin wannan.

Waɗanda ke nan kusa a Jamus kuma, tafiyar awa biyu ko uku a jirgin ƙasa, mun ga hoton hannuwan addu'a da kuka turo a WhatsApp. Mun gode. Na san kowa da uzurinsa.

Mai son zuwa dubiya ya bari sai bayan la'asar, da safe yana zuwa gashin ƙashi. Rigar dattijon kuwa ta biyo shi har asibiti, yanzu tana rataye a bayan ƙofarmu. Na so in wanke, Baban Yara ya hana. Ya ce da ƙafarsa zai mayar masa, kuma kafin nan sai an saya wa kowa takalmin kirki.