Godiya Bayan Ziyarar Fadar Barberini

Alhamdu lillahi, na dawo gida lafiya daga birnin Rum, kuma akwai bashin godiya a wuyana da ba zan bari ya kwana ba.

Kawu, da kai zan fara. Ka ajiye aikinka ka raka ni Fadar Barberini, tsohuwar fadar da yanzu ta zama gidan adana zane-zane, ka biya kuɗin shiga, ka yi ta jira da ciwon gwiwarka ba ka taɓa ce mini mu tafi ba. Allah ya ƙara girma, ya ba ka lafiya.

Sai baiwar Allah da ta zagaya da mu. Ita ta ba mu labarin cewa dangin Fafaroma Urban na Takwas, wanda ya hau kujera a 1623, su suka gina fadar. Mai tsara gini Maderno ya fara aikin, da ya rasu a 1629 wani mai tsara ginin, Bernini, ya ɗora. A babban zaure ta ce in ɗaga kai. Pietro da Cortona ya kammala zanen rufin nan a 1639: gajimare, mutane kamar za su faɗo maka, ga manyan ƙudan zuma uku, tambarin gidan, a tsakiya. Aiki ne na nuna isa, kuma ya nuna.

Amma abin da ya kai ni shi ne aikin Caravaggio, shahararren mai zanen Italiya. Na daɗe ina koya wa ɗalibai yadda yake haɗa haske da duhu daga ƙananan hotunan littafi. Ranar na tsaya gaban zanensa na Judit, wata Bayahudiya, tana yanke kan Holofanes, shugaban rundunar da ta kewaye garinsu. Ta haɗe gira, ta ja jikinta baya, hannunta kuwa bai saki takobin ba. Tsohuwar da ke gefenta ta damƙe ƙyalle, ana iya ƙirga tamojin fuskarta. Jan labulen da ke bayansu, wanda a littafina duhu ne kawai, ashe ninki ne bisa ninki. A ganina tsohuwar nan ce ta fi komai rai a zanen. Malama, kin ga na yi shiru sai kika ja baya kika bar ni. Na gode ƙwarai da wannan.

Ina kuma godiya ga shugaban makarantarmu da ya ba ni izini, da abokan aiki da suka riƙe mini azuzuwa ba tare da ƙorafi ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Ɗalibaina, ku zo da fensir da gawayi ranar Litinin, da fuskar tsohuwar za mu fara.