Asabar: Neman Karen da Zai Dace da Gidanmu

Yau na keɓe yinin gaba ɗaya domin warware maganar kare, wadda ta taso tun lokacin da ɓarayi suka haura katangar maƙwabcinmu a nan unguwar Millennium City da ke Kaduna suka ɗauke masa injin jan ruwa. Bayan sallar asuba na tsayar da limaminmu, saboda Hajiya ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da abin da ke korar mala'iku ba. Malam ya bayyana mini cewa hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke kwanon da ya sa baki a ciki sau bakwai, kuma a ware masa wurinsa a tsakar gida. Wannan kaɗai ya fitar da ƙananan karnuka masu dogon gashi irin Lhasa daga lissafi, domin su a falo suke rayuwa.

Da hantsi na ɗauki babban ɗana muka tafi wurin wani likitan dabbobi a Barnawa. Yaron ya riga ya ƙallafa rai a kan wani ƙaton kare da ake kira Caucasian, wanda ya gani a Facebook. Likitan bai ko kalli hoton sosai ba, sai ya shiga tambayata girman filin gidan, da shekarun yara, da wanda zai riƙa fita da karen, da abin da zan iya kashewa a wata.

"Alhaji, wannan karen duwatsu ne masu ƙanƙara," in ji shi. "Da wannan gashin, yaya zai yi da zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, ga kuma rashin wuta?"

Daga nan ya bi sauran. Boerboel, ɗan asalin Afirka ta Kudu, yana jure zafi, amma namijinsa kan haura kilo 60, cinsa kuwa sai mai hali, kuma gidan da almajirai da 'yan ga-ruwa da baƙi ke shiga ba sallamar kirki bai dace da shi ba. Rottweiler yana son ubangida mai tsayayyen hannu wanda ya taɓa horar da kare, ni kuwa ko mage ban taɓa riƙewa ba. Na fi daɗewa a kan German Shepherd, wanda mutane ke kira karen 'yan sanda, domin yana da kaifin basira kuma yana sabawa da yara, amma yana buƙatar motsa jiki kullum, gashinsa maɓoyar kaska ce, kuma da yawansu kan yi ciwon ƙugu idan sun manyanta.

A nan na fahimci cewa abin da nake nema shi ne mai haushi ya tashe ni, ba mai yaga mutum ba. Likitan ya ɗauko wani ɗan kwikwiyo ja, irin namu na gida mai gajeren gashi, ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi jajur, ya buɗa tsakanin yatsunsa da cikin kunnensa, babu kaska ko ɗaya. Ya ce irin wannan ya saba da yanayinmu kuma yana cin abincin gida, amma kada a ba shi miya mai albasa, domin tana lalata masa jini. Ya jaddada allurar haukar kare idan ya kai wata 3, a kuma sabunta ta kowace shekara, tare da rigakafin parvo, cutar da ke kashe kwikwiyo da amai da zawon jini.

Ɗana bai ce uffan ba har muka tsallake gada. Da yamma uwargida ta amince, da sharaɗin cewa karen ba zai kusanci madafa ba, kuma sharar wurinsa tana wuyan yaron. Na kira birkila zai zo ranar Litinin ya gina masa ɗaki a gindin mangwaro kusa da ƙofa, kuma sai an gama ginin za mu ɗauko shi.