Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Har Kwamfutar Ta Tashi

Alhamdu lillahi, kwamfutar da na haɗa da hannuna ta tashi. Daren jiya bayan sallar isha'i ta kunnu da furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, kwana 11 cif bayan na ɗaure sukurorinta na ƙarshe, kuma tun lokacin na kashe ta na sake kunnawa sau da dama ba ta yi gardama ba. Yawancinku kun bi ni a cikin wannan hali tun daga ranar farko, don haka ba zan maimaita yadda fankoki ke juyawa monita kuma tana baƙi ƙirin ba, ko yadda jar fitilar nan da ke kusa da rubutun CPU, wato furosesa, ta hana ni barci. Jikina ya gaji, idanuna suna zafi, amma ba zan iya kwanciya ba sai na sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Ina fara miƙa godiya ga duk wanda ya aiko da shawara. Wanda ya ce in mayar da RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ramuka na biyu da na huɗu, da wanda ya ce in cire ƙaramin batirin CR2032 in jira 'yan mintuna, da wanda ya tambaye ni ko na soka wayar wuta mai haƙora 8 ta furosesa bayan babbar mai haƙora 24, da 'yar'uwar da ta tunatar da ni cewa furosesata, Ryzen 5 5600, ba ta fitar da hoto da kanta, saboda haka dole wayar monita ta shiga katin hoto, duk na gwada abin da kuka faɗa. Har madabod ɗin, wato babban allon da ake dasa duk kayan a kansa, na fitar daga akwati na ɗora a kan kwalinsa, domin a tabbatar babu ƙarfen da ke taɓa shi ta ƙasa. Ba a nan matsalar take ba, amma kowane gwaji ya rage mini abin zargi, kuma da ba don haka ba da na ci gaba da tuhumar kayan da lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya bayyana a ƙarshe shi ne, madabod ɗin samfurin B450 ne, wanda ya fito tun 2018, ita kuwa furosesar sai a 2022 ta shigo kasuwa. Ramin da ke kan allon irin nata ne, AM4, shi ya sa ta zauna daram, amma BIOS, wato manhajar da ke cikin allon wadda take fara tayar da kwamfuta, tsohuwa ce, ba ta san wannan furosesa ba balle ta tashe ta. Wasu allunan suna da maɓallin da ake sabunta BIOS da filas ko babu furosesa. Nawa ba shi da shi. Hanya ɗaya ta rage, a samo tsohuwar furosesa da allon ya sani, a tayar da shi da ita, a sabunta, sannan a mayar da tawa. Na zaga kasuwannin waya da kwamfuta na Farm Centre da Beirut Road a Kano kwana biyu ina neman aro ko haya, kuma ban ga laifin waɗanda suka ce sai dai in saya ba, domin kowa da jarinsa yake tattali.

A nan ne Allah Ya haɗa ni da yaron da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Ya roƙe ni kada in ambace shi, amma ya yafe mini, ba zan iya yin shiru ba. Ba shi da furosesar sayarwa. Wadda yake da ita, Ryzen 3 2200G, tana cikin kwamfutar da yake yi wa mutane aikin waya da ita, wato abincinsa na yau da gobe. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Yaya, bari a yi la'asar, zan rufe shago mu tafi da ita."

Abin da ya faru a ɗakina da yammacin nan ba zai fita daga raina ba. Kwamfutarsa ta yini a kashe saboda rashin wuta, man da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarta ya daskare ya kama kamar danƙo. Da ya ɗaga fankar, sai furosesar ta biyo ta, ta fizgo daga raminta alhali maƙullin yana rufe. Ya juya ta, muka ga ƙafafu biyu na gefe sun kwanta. Ƙafafun nan 1,331 ne, kowace ba ta kai kaurin allura ba, kuma guda ɗaya idan ta karye tana iya kashe furosesa baki ɗaya. Gabana ya faɗi, bakina ya bushe. Abin da ya zo mini a zuciya shi ne na jawo wa marayan Allah asarar sana'arsa saboda matsalar da ba tasa ba, ga shi ko kuɗin biyansa ba ni da su. Shi kuwa ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yaya, haska mini da tocilar wayarka, kada hannunka ya motsa." Ya ɗauki reza ya zura tsakanin layukan ƙafafun, yana tayar da su kaɗan-kaɗan, yana ɗaga furosesar saitin idonsa yana duba ko sun daidaita da 'yan'uwansu. Hannuna yana rawa, hasken yana yawo a kan yatsunsa, bai ce mini komai ba. Ya ɗauki kusan rabin awa a haka. Da ya ajiye ta a ramin allona ta faɗa da kanta ba tare da dannawa ba, sai na ji ya ce "Bismillah" ƙasa-ƙasa, ya taɓa maɓallin. Monita ta haska. Na juya baya domin kada ya ga hawayena.

Saura sabunta BIOS, wanda kowa ya gargaɗe ni cewa idan wuta ta yanke a tsakiyarsa allon na iya mutuwa. Baba mai cajin waya na bakin layinmu, wanda ko bambancin RAM da furosesa bai sani ba, shi ya jawo mana waya daga inbatarsa ta sola, ya ce, "Ɗana, ku yi aikinku, masu waya za su jira." Ana tsakiyar aikin kuwa aka ɗauke wuta, ƙwan ɗakin ya mutu, unguwa ta yi duhu, monitar kaɗai ta rage tana haske, layin da ke nuna ci gaba yana tafiya a hankali har ya cika. Baba, Allah Ya haskaka maka kabarinka ranar da za ka shige shi bayan tsawon rai, Ya raya maka zuriyarka, Ya kai ka ɗakinSa mai alfarma.

Injiniya ya ƙi karɓar ko sisi, kuɗin Keke ma sai da na cusa masa a aljihu. Ya Allah, Ka buɗa wa yaron nan ƙofofin arziki ta inda yake zato da inda ba ya zato, Ka jiƙan mahaifinsa, Ka ba mahaifiyarsa lafiya ta ci moriyarsa, Ka tsare hannuwansa da idanunsa, Ka haɗa shi da wanda zai tsaya masa a ranar da ya shiga ƙunci kamar yadda ya tsaya mini.

Uwargidana, wadda ta ɗauki kuɗin adashinta ta cika mini na katin hoto, ta kwana 11 tana kallon akwatin da bai amfana mata komai ba, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ina kuɗinta suka shiga ba. Shayi take kawo mini da tsakar dare ta koma. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ba ni ikon rama miki.

Akwai na jikina da suka fi ni sanin wannan harka, waɗanda na kira har na ji kunyar sake kira, saƙon da ya iso mini daga wajensu kuma shi ne ai sun ce in sayi tokumbo in huta. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wataƙila uzuri ne ya yi musu yawa, amma na ji zafin abin a lokacin da nake buƙatar ko da muryar ɗan'uwa.

Masu bikin da faifansu ya makara a hannuna, na gode da haƙurinku. Na sa Windows da manhajar tace bidiyo tun da asuba, kuma in Allah Ya yarda zan fara da aikin da ya fi daɗewa. Furosesar Injiniya ta koma cikin kwamfutarsa da sabon mai, da safen nan ya kira ni ya ce ta tashi lafiya, yana ma kan aiki da ita.