Fenti biyu a kan akori-kura ɗaya

Akori-kurar mahaifinmu Peugeot 404 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko albasa daga Goronyo zuwa cikin Sakkwato, da damina kuma ya kai wa manoma takin zamani. Bayan ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta daɗe a ƙofar gida rana na dukanta, har na ce sai na tashe ta.

Inji bai wahalar da ni ba. An wanke kabireto, an gyara lagireto, ta tashi. Jikin ne ya ci mini kuɗi.

Mai fentin farko ya zagaya ta, ya ce mini motar Sakkwato ba ta tsatsa, ai ƙasar busasshiya ce. Ya goge sama-sama da samfefa, ya shafa foti (abin da ake cike ramukan jikin mota da shi kafin fenti), ya fesa mata fari a fili, cikin hunturu. Tun a ranar ƙura ta zauna a kan ɗanyen fentin, in ka shafa hannu sai ka ji ƙaiƙayi. Na haƙura da wannan. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da ruwan Yuli ya sauka, sai fentin ya fara kumbura a gindin ƙofofi da gefen bodi, jan ruwa na tsiyaya.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota. Ya ɗauko maganaɗisu yana bin jikin da shi, wuri ya kama, wuri ya faɗo. Ya ce, "Ɗana, taho ka gani, wanga ba ƙarhe ba na." Inda ya faɗo, foti ne mai kauri a kan rami. Da aka kankare ƙasan bodin, sai ga shi ya huhhuje. Takin zamani yana cin ƙarfe, kuma wanda ya zube a lunguna ya yi shekara da shekaru yana jan laima. Rashin ruwan sama bai hana shi aikinsa ba.

Sai da aka yanke duk inda ya ruɓe, aka yi waldar sabon faranti, aka kankare har farin ƙarfe, aka shafa maganin tsatsa kafin foti ya taɓa ta. Fenti kuma dattijon ya ƙi fesawa da rana, ya ce zafin nan na busar da shi tun bai kwanta ba. Da asuba aka yi, a rufaffen ɗaki, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta.

Duk mai shirin tayar da tsohuwar motar kaya, ya shiga ƙarƙashin bodi da fitila da maganaɗisu kafin a yi cinikin fenti, kuma ya tambayi me ta saba ɗauka. Tawa ta wuce damina ta biyu ba kumburi ko ɗaya, amma kuɗin fentin farko da sun saya mata tayoyi huɗu sababbi.